Kawuna Mai Lambu da Fim ɗin da Ya Fito a Makashi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyarmu, ya riga mu tafiya a ƙarshen damina, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba.

Ranar da aka kai shi makwanci ina zaune cikin mata a tsakar gida, muna jin maza a ƙofar gida suna karɓar gaisuwa. An zo daga Sarkin Yamma, an zo daga Ɗan Issa, har daga ƙetaren iyaka an zo. Ƙanena, wanda ya zauna cikin maza, ya ba ni labarin wani direban kamyo, babbar motar kaya, da babu wanda ya san shi a cikinmu. Ya tsuguna ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, sannan ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Wai da gaske Mai Taki ne ya rasu?"

Ƙanena ya ce shi ne.

"To, Allah Shi gafarta mishi abin da ya yi, in dai ya yi."

Limamin unguwarmu yana kusa, ya ji. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Bawan Allah, mutumin nan da ka zo wa gaisuwa ko kaza bai iya yankawa. Tun muna samari ni yake aiko wa. In na ɗauki wuƙa sai ya juya baya yana kallon bango." Da maganar ta shigo cikin gida, wata tsohuwa da suka tashi tare da Kawu ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, aka yi ta ba ta haƙuri.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. 'Ya'yana ma in suna zancensa da abokansu a lakwal, wato makarantar boko, Mai Taki suke cewa. Ina tsoron kada a wayi gari sunan da ya ara na 'yan kwanaki ya shafe mutumin da muka sani.

Kawu mai lambu ne a bakin tabkin Madarumfa. Albasa yake yi, da shu, wato kabeji, da ganyen salati, da tumatir in ruwa ya ja baya. Bayan rasuwar mahaifinmu shi ya riƙe ni da ƙanena, ya sa mu lakwal, har na zama malamar makaranta. Ba ya gaggawa. In ka zo masa da ƙara kana huci, ba zai tambaye ka abin da ya faru ba, sai ya tura maka kujera da ƙafa ya ce, "Zauna tukuna, ƙafarka ta huce." Kafin ka gama shan ruwan da zai miƙo maka, rabin fushin ya tafi.

Amma abin da gari ya fi saninsa da shi kwaikwayon murya ne. Ya taɓa laɓewa a bayan dangar gidanmu ya yi tallar mai kifi, da irin jan muryar nan tata ta hanci, sai ga matan layi sun fito da kwanoni suna dube-dube. Yana yin muryar ma'aikacin duwan, wato kwastan, in yana tambayar takarda, da ta mai karanta sanarwar rasuwa a rediyo, da ta Inna, matarsa, in tana kiran awaki. Da ƙuruciya, zamanin da samarin gari ke yin teyatur, wato wasan kwaikwayo, a dandali, kullum shi ake ba matsayin mugu, domin shi kaɗai ke iya ɗaure fuska har a gama ba tare da ya fashe da dariya ba.

Ƙanena kuwa a Maradi ya koyi aikin kamara, yana ɗaukar biki da suna. A shekarun nan ne labarin 'yan bindiga ya yi yawa ta wajen dajin iyaka: yau an kore shanu, gobe an ɗauke mutum a gona. Abin da ya dame shi ba labarin kaɗai ba ne, yadda muka saba da shi ne. Ya ce a tasha sai a ce an kashe mutum a ƙauye kaza, a yi salati, numfashi na gaba a tambayi yadda albasa ta kwana a kasuwa. Sai ya ƙudura yin wani fim da zai yi kama da rahoton gaske. Wasu 'yan jarida na ƙarya za su riƙa bin wani tsoho mai lambu, shi kuma yana ba su labari a natse cewa ya daɗe yana kashe mutane yana binnewa a ƙarƙashin fangalinsa, shi ya sa shu ɗinsa ya fi na kowa girma. Maƙwabta za su yi ta yabonsa. Wani babban ma'aikaci zai zo ya ba shi lambar yabo ta noma. 'Yan jaridar kansu za su zauna su ci salatinsa suna santi. Babu jini, babu gawa. Magana ce kawai.

Da ya kawo wa Kawu zancen, Kawu ya daɗe yana kallonsa.

"Duk garin nan ka rasa wanda za ka mayar makashi sai kawunka?"

"Kawu, fuskarka nake so. Ba wanda zai gan ka ya yi tsammanin mugunta."

"To mi ya hana ka yi wanda ake dariya zalla?"

"Za a yi dariya. Daga baya sai a ji kunyar dariyar."

Kawu ya ce ya yarda, amma kada a ba shi wuƙa, kuma kada a taka masa irin albasa.

Na je lambun wata rana ana ɗauka, na kai musu fura. Ba a sauya masa komai ba. Rigarsa ce ta aiki, hularsa ce, lambunsa ne, muryarsa ce ta kullum wadda yake tambayarmu ko mun ci abinci. Yana tsugune yana cire ciyawa, mai tambaya ya ce masa ba ya tsoron a kama shi? Abin da ya amsa ba ya cikin abin da ƙanena ya tsara. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Wa za ya kama ni? Ni wanda ba mai nemansa nike zaɓe. Tun da na fara ba a taɓa zuwa cigiyar mutum ɗaya ba. Amma ranar da akuyar maƙwabcina ta ɓata, unguwa duka ta fito." Ina tsaye gefe riƙe da ƙwaryar fura. Da aka kashe kamara ya miƙe ya ce mini, "Ɗiyata, furar nan da nono ko da ruwa?" Na miƙa masa ƙwaryar ba tare da na dubi fuskarsa ba.

An fara nuna fim ɗin ga ɗalibai a Maradi, kuma abin da ƙanena ya so ya faru: an yi dariya, daga baya aka yi tsit. Da a nan abin ya tsaya, da ban rubuta wannan ba. Wani da har yau ba mu san ko wane ne ba ya yanko guntu daga tsakiya, babu farkon da ke cewa wasa ne, babu ƙarshen da ke jera sunayen 'yan wasa, ya sake shi cikin salula, wato wayar hannu. Kafin mako ya zagayo, guntun ya kai inda fim ɗin bai taɓa kaiwa ba. A nan aka raɗa masa Mai Taki.

Mutanen unguwa sun san wasa ne. Amma kasuwa ba ta mutanen unguwa ba ce su kaɗai. Matan da ke sarar shu a wurinsa suka daina zuwa. Ɗaya ta aiko a gaya masa ita ta yarda da shi, masu saye ne ke tambayar daga wane lambu kayan ya fito. Yara in sun hango shi a kan jaki sai su watse. Shu ya yi ta ruɓewa a fangali. Jandarmomi ma sun zo, domin an kai musu magana kuma dole su duba. Sun yi sallama da ladabi, ƙanena ya kunna musu fim ɗin tun daga farko a gindin bishiya, suka kalla har ƙarshe. Babbansu ya girgiza kai ya ce, "Baba, ka cika iyawa, shi ne laifinka." Kawu ya ɗaure musu salati suka tafi.

Wannan yabon ya yi masa daɗi, ba zan ɓoye ba. Ya yi kwanaki yana maimaita shi. Inna ce ba ta ga abin daɗi ba. A gabana ta tare shi a bakin ɗaki.

"Malam, kai dariya kake. Ni in na tahi gidan suna, mata sai su yi shiru har in zauna. Jikokinka ana tambayarsu mi kakansu ke sa wa albasa. Da furfurarka."

"Wasa ne, kowa ya sani."

"Kowa bai sani ba. Kuma ni ban kallon shi. Mijina ba ya faɗin irin wannan magana ko da wasa."

Ta kuma aika wa ƙanena cewa kada ta ga ƙafarsa a gidan da kamara. Shi kuwa ya ji kunya har ya daina zuwa gaba ɗaya.

Ranar da dariyar Kawu ta tsaya ina wurin. Lokacin hutun lakwal ne, na je taya shi ban-ruwa da hantsi. Sai ga wata mata ta ratso ta cikin lambunan mutane, ƙafarta duk ƙura, ta ɗaura zane ɗaya ta yafa ɗaya. Za ta girme ni, amma ba ta kai Kawu ba. Ta yi sallama, ta tsaya, ta ƙi zama. Ta ce daga wani ƙauye take ta wajen Sarkin Yamma, tun asuba ta taso da ƙafa.

"Kai ne na cikin salula?"

"Ni ne, baiwar Allah. Amma wasan kwaikwayo ne, ɗana ne ya..."

"Ɗana ya tahi cin kasuwar iyaka da kaka ta bara, da jakinshi. Jakin ya dawo. Shi bai dawo ba." Ba ta ɗaga murya ba. "Na ji ka da kunnena. Ka ce wanda ba mai nemanshi kake zaɓe. To shi yana da mai nemanshi. Ga ni. Ban zo kai ka ƙara ba. Ka nuna mini wurin kawai, in san inda zan riƙa fuskanta in ina mishi addu'a."

Na buɗe baki zan yi mata bayani, Kawu ya ɗaga mini hannu. Bai ce mata ta zauna ba, a ranar kaɗai na ga bai faɗi wannan maganar tasa ba. Ya je ya ɗauko fartanya.

"Nuna mini inda zuciyarki ta fi tsayawa, in tona."

Ta nuna fangalin albasar da ya fi kyau, wadda ta kusa isa cira. Ya tone shi har ya kai ƙasa mai laima. Ta nuna na gaba, ya tone. Ta nuna gindin dangar, ya tone. Na ce ya ba ni fartanyar in kama masa, ya ƙi. Masu lambunan kusa suka taru daga nesa suna kallo. Har aka kira azahar yana tono, gumi ya jiƙa rigar, albasa tana zube ko'ina. Ba a sami komai ba sai saiwa da tsutsa da wani tsohon takalmin roba nasa.

Matar ta zauna a bakin ramin ƙarshe ta rufe fuska. Can ta ce, "Da na same shi nan, da na huta."

Kawu ya tsuguna nesa kaɗan da ita yana haki. Ya ce, "Ki yafe mini. Na ɗauki abin da ke cin ranki na yi wasa da shi, ban san ki ba." Ta ce ba shi ya ɗauke mata ɗa ba. Ya ce ya sani, duk da haka ta yafe.

Ya kai ta gida. Inna, wadda ke fushi da shi a lokacin, ta dubi matar ta dubi rigarsa, ba ta tambayi komai ba, ta shimfiɗa tabarma ta ɗora tukunya. Matar ta kwana biyu a ɗakin Inna. Kawu ya raka ta wurin jandarmomi aka sake ɗaukar bayanin ɗan, ya kai ta Ɗan Issa wurin direbobin da ke ɗaukar masa kaya, ya roƙe su su riƙa tambaya a hanya. Ba a same shi ba. Har yau ba a same shi ba. Amma daga wannan shekarar, duk cirar albasa sai Kawu ya ɗaura buhu a jaki ya kai mata ƙauyensu da kansa, har ƙafafunsa suka gaza, ya koma aikawa.

Da labarin tonon ya kai wa ƙanena, ya zo lambun yana kuka, ya ce zai goge fim ɗin duka, ya sayar da kamarar. A nan suka yi faɗan da ban taɓa ganin sun yi ba. Ni na ɗauka Kawu zai ce madalla. Sai ya ce a'a.

"In ka goge naka, na cikin salular mutane fa? Guntun zai rage shi kaɗai ke nan. Kai ka ce mun saba da ɓacewar mutane. Ka yi gaskiya. Yanzu da gaskiyar ta zo har lambu da ƙafarta sai ka gudu?"

"Kawu, na ɓata maka suna. Na ɓata maka albasa."

"Albasa ta shekara ce. Ka tahi ka roƙi mai gidan kallon ƙwallo ya ba mu wuri bayan la'asar. A nuna shi duka, daga sallama har bankwana."

Ƙanena ya ce ba zai iya tsayawa gaban mutane ba. Kawu ya ce ba ƙanena ne zai tsaya ba, shi da kansa ne. Suka rabu ba daɗi, amma ƙanena ya je ya roƙi wurin.

Gidan kallon ya cika, har da waɗanda suka daina sayen kayan Kawu. Mata muna baya. An yi dariya a wurin lambar yabo, an yi dariya a wurin cin salati. Da aka gama aka buɗe ƙofa haske ya shigo, Kawu ya miƙe a gaba da hularsa a hannu. Ya ce kowa ya ga ƙarya ce. Sannan ya faɗi kamannin ɗan matar nan: dogo, baƙi, da tabo a haɓa, ya fita da riga shuɗiya. Ya ce wannan ba ƙarya ba ce, duk wanda ya ji wani abu ya zo ya same shi a lambu. Daga nan ya ce in akwai wanda nasa ya fita bai dawo ba, ya daure ya miƙe a gan shi. An jima babu motsi. Sai wani tela da muka sani ya miƙe. Wata mata kusa da ni ta miƙe, wadda kullum muke haɗuwa a famfo, ban taɓa sanin ƙaninta ya ɓata ba. Wasu ma suka miƙe. Liman ya yi addu'a, aka watse ba hayaniya.

Ba zan ce wannan ya gyara komai ba. Wasu masu saye sun dawo, wasu ba su dawo ba har ya rasu. Sunan ma bai bar shi ba. Ni kaina har yanzu ban yanke ko ya kamata a yi fim ɗin a cikin lambunsa na gaske, da fuskarsa ta gaske ba. Ƙanena yana cewa bai kamata ba. Kawu kuwa bai taɓa cewa ya yi nadamar fim ɗin ba, sai dai bai ƙara tsayawa gaban kamara ba, ko ta biki ce. Masu fim sun zo daga Maradi suna roƙo, ya ba su ruwa da salati ya sallame su. Kwaikwayon murya ya ci gaba da yi, amma a cikin gida, ga jikoki.

Da ciwon ya tsananta, ƙafafu suka kumbura, muka kai shi gidan likita a Maradi. Wata ma'aikaciya tana ɗaura masa ruwa tana satar kallonsa, can ta kasa daurewa.

"Baba, kamar kai ne..."

"Ni ne," ya ce, "amma na bar sana'ar. Sa allurarki, kada ki ji tsoro."

Ta yi dariya har sai da ta saki hannunsa. Wannan ce raha ta ƙarshe da na ji daga bakinsa. Ya roƙa a mayar da shi gida, muka mayar da shi, ya cika da hantsi a ɗakinsa, Inna tana gefensa.

Tana cikin takaba ta aika a kira mata ƙanena, ta ce ya zo da abin kallonsa. Ya zo a tsorace, ya tsaya a bakin ƙofa. Ta ce ya shigo ya kunna. Na zauna kusa da ita, ina shirin riƙe ta in an kai wurin maganganun nan. Ashe ba su take saurare ba. Da Kawu ya bayyana yana tafe tsakanin fangali da butar ban-ruwa, ta matso da fuskarta kusa.

"Rigar nan ni na wanke ta ranar. Na ce ya bari ta bushe, ya ƙi."

Yana ta bayanin yadda yake binne mutane, ita tana cewa dubi yadda yake dafa gwiwa in zai tashi, tun lokacin ƙafar ta fara, bai faɗa ba. Ta kalla har ƙarshe ba ta yi kuka ba. Da aka gama ta ce wa ƙanena ya mayar da shi can farko, wurin da 'yan jaridar suka shigo lambun suka yi sallama. Ya mayar. Muryar Kawu ta fito, yana amsa sallamar, yana cewa maraba, ku ƙaraso, kun sha rana.

"Nan," in ji Inna. "Nan ba wasa yake ba. Ka yanko mini wannan kaɗai ka sa mini a salulata."

Ƙanena ya sunkuyar da kai ya ce to, Inna.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabari, Ya sa abin da ya shuka ya tarar da shi a can. Allah Ya ba Inna haƙurin zaman ɗakin. Waɗanda suka fita ba su dawo ba, Allah Ya bayyana wa iyayensu inda suke.